Shugabannin jami'a Yahudawa da gwamnatin Amurka

(An rubuto daga faifan laccar, an cire gaisuwar farko.)

To, bismillah. Na baya kuna ji na? Madalla. Ɗazu a bakin ƙofa wani ɗalibi ya tare ni ya ce, Malam, yau maganar Gaza za a yi? Na ce masa a'a, yau Amurka za mu, kuma ba sai da biza ba. (dariya) Batunmu Yahudawan da suka shugabanci manyan jami'o'in Amurka ne, da yadda suka kwashe da gwamnatin ƙasar. Abubuwa huɗu na tanadar muku, in lokaci ya bar mu.

Na ɗaya, wannan kujera ba gadonta suka yi ba. A shekarar 1922 shugaban jami'ar Harvard, Lawrence Lowell, ya duba ya ga ɗalibai Yahudawa sun haura kashi 20 cikin 100, mafi yawansu 'ya'yan baƙin da suka yi ƙaura daga gabashin Turai. Sai ya kawo shawarar a tsayar da su a kashi 15. Ku da kuka sha fama da JAMB kun san kota. Amma tamu an yi ta ne don a jawo jihohin da aka bari a baya. Tasu rufi ce aka ɗora wa mutane a ka don kada su wuce. Kwamitin malamai ya ƙi amincewa da shawarar a fili, sai aka biyo ta bayan gida: kawo takardar shaidar ɗabi'a, zo a yi hira da kai, daga wane yanki ka fito, an taɓa sauya sunan gidanku? Da haka adadin ya sauka ba tare da an rubuta doka ba. To, inda ɗalibi ma ana ƙirga shi, wa ke maganar shugaba? Shi ya sa a 1948 Yahudawan Amurka suka kafa tasu, jami'ar Brandeis, kusa da Boston, suka buɗe ta ga kowa.

Na biyu, mutumin da ya kawo ni nan yau, Edward Levi. Ku rubuta sunan. An haife shi a Chicago a 1911. Mahaifinsa limamin Yahudawa ne, kakansa na wajen uwa ma haka, wato ɗan gidan malamai ne gaba da baya. Daga makarantar yara ta jami'ar Chicago ya fara, a nan ya yi digiri, a nan ya karanta shari'a, ya zama shugaban tsangayar shari'a a 1950, ya zama shugaban jami'ar baki ɗaya a 1968. Ɗan gida ne, ya san inda kowace tsintsiya take.

Ku lura da shekarar, 1968. Yaƙin Biyetnam na ci, ɗalibai sun tada ƙayar baya ko'ina. A jami'ar Columbia da ke New York ɗalibai sun mamaye gine-gine, shugaban ya kira 'yan sanda, aka fasa kawuna, aka kama mutum sama da 700, kuma cikin 'yan watanni shugaban ya sauka. Farkon 1969 abin ya iso kan Levi. An ƙi sabunta wa wata malama, Marlene Dixon, kwantiraginta, sai ɗalibai ɗaruruwa suka shiga ginin mulki suka zauna daram. Me Levi ya yi? Ya kwashi takardunsa ya bar musu ginin. Bai kira ɗan sanda ko ɗaya ba. Ko ɗaya! Suka yi mako biyu da 'yan kwanaki, abinci ya gundure su, barci a kan siminti ya ishe su, suka fito da ƙafarsu.

Na ga 'yan ƙungiyar ɗalibai suna murmushi. Ku dakata, ban gama ba. Da suka fito, kwamitin ladabtarwa na jami'a ya zauna, aka kori 42, aka dakatar da 81. (dariya) Yauwa, murmushin ya tafi. Har yau akwai masu ganin hukuncin ya yi tsanani, ni ma ina ganin ya yi. Amma ku gane lissafin mutumin. A ganinsa, ran da ka kira hukuma ta raba ka da ɗalibanka, ka miƙa mata makullin gidanka, gobe ba sai ka kira ta ba. Gara ya yi hukuncin da kansa, ya ɗauki zagin da kansa. Shekara guda bayan haka, a 1970, dakarun jihar Ohio suka harbe ɗalibai huɗu a jami'ar Kent State. Mu ma nan ba sai an ba mu labarin abin da ke faruwa in bindiga ta shiga harabar jami'a ba. Manyan cikinmu suna tuna Zariya a 1978 da 1986.

Ina nake? Levi. Abin da ya fi burge ni yana gaba. Shugaba Nixon ya sauka a watan Agustan 1974 saboda badaƙalar Watergate, wato leƙen asirin jam'iyyar adawa da yunƙurin rufa shi. Ma'aikatar shari'a ta zama abin kunya. John Mitchell, wanda ya yi wa Nixon ministan shari'a, kotu ta same shi da laifi, daga baya har gidan yari ya shiga. Ministan shari'a fa, jama'a, mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Shugaba Gerald Ford yana neman wanda ba a san shi da jam'iyya ba, sai ya ɗauko Levi a 1975. Shi ne Bayahude na farko da ya riƙe muƙamin. Ya je gaban majalisa ya faɗa musu cewa tsohon shugaban FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta tarayya, Edgar Hoover, ya tara fayil-fayil na sirri a kan manyan 'yan siyasa. A 1976 ya rubuta ƙa'idojin da suka taƙaita yadda FBI za ta bibiyi ɗan ƙasa: ba za ka buɗe wa mutum fayil don kawai ra'ayinsa bai yi maka ba. Kun ga zaren? Yana jami'a ya hana hukuma shiga. Da ya zama hukumar da kansa, sai ya ɗaure mata hannu. Shekara biyu kacal ya yi, ya koma Chicago ya ci gaba da shiga aji.

Ina son mutumin nan, kun gane. Shugaban zama yana nuna min agogo.

Na uku... ko har yanzu a na biyu muke? To, a gurguje. John Kemeny, yaro ɗan gudun hijira daga Hungary, ya yi wa Einstein mataimaki a lissafi, shi da abokin aikinsa suka ƙirƙiro harshen kwamfuta na BASIC, ya shugabanci kwalejin Dartmouth daga 1970, kuma shi Shugaba Carter ya ba binciken hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a 1979. Harold Shapiro ya riƙe jami'ar Michigan, ya riƙe ta Princeton, Shugaba Clinton ya ɗora shi a kan kwamitin ɗa'ar binciken lafiya. Lawrence Summers shi daga gwamnati ya fito, daga ministan kuɗi zuwa shugaban Harvard a 2001. Harvard ɗin Lowell.

Sai kuɗi. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin tarayya ke zuba kuɗin bincike a jami'o'i, har masu zaman kansu. Kuma dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964 ta ce duk mai karɓar kuɗin tarayya ba zai nuna wariya ba, in ya nuna a yanke. Doka ce mai kyau, amma igiya ce, kuma bakinta ɗaya yana hannun gwamnati. Ranar 5 ga Disamba 2023, ana tsakiyar zanga-zangar Gaza, majalisa ta kira shugabannin jami'o'in Harvard da Pennsylvania da MIT, mata uku, a kan ƙyamar Yahudawa a harabarsu. Biyu sun rasa kujera cikin wata guda. Ta MIT, Sally Kornbluth, Bayahudiya ce, ta tsira. Na huɗu kuma...

Na'am? Bari ya yi tambayarsa. A ba shi makirfon.

(Mai tambaya: Malam, Allah ya ƙara ilimi. Duk wannan ba yana nuna Yahudawa ne ke juya jami'o'in da gwamnatin gaba ɗaya ba? Dama haka muke ji.)

Amin, ɗana. Na ji daɗi da ka faɗa a fili, don na san rabin ɗakin nan da ita suka shigo. Bari in ba ka labarin da zan sa a na huɗu, ka yi hukunci da kanka. Wanda ya gaji kujerar Harvard a 2024 Alan Garber ne, likita kuma masanin tattalin arziki, Bayahude. A watan Afrilun 2025 gwamnatin Trump ta aika masa wasiƙa da sunan kare ɗalibai Yahudawa: tana son a binciki ra'ayoyin malamai da ɗalibai, a sauya yadda ake ɗaukar ma'aikata da ɗalibai, a tace baƙi 'yan ƙasashen waje. Garber ya mayar da amsa cewa babu gwamnatin da ya kamata ta tsara wa jami'a mai zaman kanta abin da za ta koyar da wanda za ta ɗauka, ko wace jam'iyya ce ke mulki. A ranar aka riƙe wa Harvard dala biliyan 2.2. Ya kai ƙara. A watan Mayu aka nemi a hana ta ɗaukar ɗalibai daga waje, kusan rubu'in ɗalibanta ke nan, har da 'yan Najeriya. A watan Satumba wata alƙaliya a Boston ta ce riƙe kuɗin ya saɓa wa doka. To, mai juya gwamnati ne zai je kotu neman kuɗinsa a hannunta?

Kuma su Yahudawan kansu ba a haɗe yake ba. Akwai Yahudawa masu kuɗi, tsofaffin ɗaliban Harvard, da suka tsaya kai da fata cewa jami'ar ta gaza, gwamnati ta yi daidai. Akwai irin su Michael Roth, shugaban jami'ar Wesleyan, shi ma Bayahude, da ya fito ya ce fakewa ake yi da guzuma ana harbin karsana, da sunansu ake murƙushe jami'o'i. A cikin ɗaliban da aka kama a tantunan goyon bayan Falasɗinawa akwai Yahudawa. Shi Garber ɗin bai ce gidansa tsaf yake ba: rahoto biyu ya fitar rana ɗaya, ɗaya a kan abin da ɗalibai Yahudawa suka gani, ɗaya a kan abin da Musulmi da Larabawa da Falasɗinawa suka gani, ya nemi afuwa. Columbia kuwa sulhu ta zaɓa, ta yarda ta biya gwamnati dala miliyan 200 a dawo mata da kuɗin bincikenta.

Ka gamsu? Bai gamsu ba. (dariya) To, ka same ni a ofis bayan la'asar, ka zo da abokinka na kusa da kai, na ga shi ke zuga ka. Akwai wata tambayar daga ɓangaren mata? A miƙa mata.