Word ya tsaya cik, da ya dawo rubutu ya ɓace: ga abin da ke faruwa

Jama'ar Damagaram, assalamu alaikum. Lokacin rubuta memuwar (kundin kammala karatu) ya zo, ɗaliban Jami'ar André Salifou da masu shagon buga takardu duk kuka ɗaya suke: Word ya daskare, ya farfaɗo, layi uku sun tafi. Sai a ce birus ne, a goge kwamfuta a sake zuba Windows. Ku dakata tukuna.

Ku dubi allon kwamfutar. Word ya tsaya, sama an rubuta "Ne répond pas". Yanzu ku dubi hannun mai rubutun. Ya danna harafi bai fito ba, sai ya hau maɓallin gogewa, taf taf taf, har da dannewa don haushi. To, a nan ɓarnar take. Word ne ya tsaya, allon madannai yana nan da ransa. Sau da yawa abin da aka danna Windows na jera shi a layi, kamar masu jiran ruwa a famfo, Word na farfaɗowa ya zartar da su duka a lokaci guda. Gogewa talatin ka danna, harafi talatin za su tafi. In kuma tafin hannu ya shafi wurin linzamin kwamfutar cinya ya zaɓi sakin layi, harafi ɗaya tak ya isa ya maye gurbinsa gaba ɗaya.

Saboda haka in ya daskare, ɗauke hannu. Sha shayinka, ba shi minti biyu. In ya dawo ka ga giɓi, kada ka adana, kada ka rufe. Danna Ctrl da Z, ka yi ta maimaitawa har rubutun ya dawo. Da ka rufe takardar, wannan damar ta wuce.

A kula da wani tarko. Kwamfutocin da ake kawowa daga Kano galibi allon madannansu na Turanci ne (QWERTY), mu kuwa mukan saita su kan Faransanci. A haka maɓallin da aka rubuta wa Z, W yake bayarwa, Ctrl da W kuma rufe takarda yake yi. Gara ka danna lanƙwasasshiyar kibiyar Annuler da ke saman Word da linzami.

In kana rubutu harafin gaba na ɓacewa, wannan Refrappe ne, wato tsarin da sabon harafi ke cinye na gabansa. Fichier, Options, Options avancées, cire alamar da ke kan zaɓuɓɓukan Refrappe guda biyu. In kuma yana gogewa babu mai taɓa shi, buɗe Bloc-notes, ƙaramar manhajar rubutu ta Windows, ka gwada. Ya yi a can ma? Wataƙila ƙurar hunturu ta maƙale maɓallin gogewa (Suppr), a hure ko a jona wani allon madannai.

Daskarewar kanta fa? Riƙe Ctrl ka buɗe Word, ka amsa da Oui, zai buɗe ba tare da Compléments ba, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa Word. In ya yi lafiya a haka, galibi cikin Compléments matsalar take, kashe su ɗaya bayan ɗaya. In ba a dace ba, sauya wa Normal.dotm (fayil ɗin da Word ke ɗora sabbin takardu a kansa) suna, Word zai ƙirƙiri sabo. Kuma don Allah a daina aiki kai tsaye daga kile USB, a kwafo takardar cikin kwamfuta.

Ajiyar gaggawa ta Word minti 10 ce. Da yadda wuta ke ɗaukewa, a ganina ya yi yawa. Shiga Fichier, Options, Enregistrement, mai da shi minti 2.