Na sauke Zoom, amma ina ya shiga? Yadda ake nemo shi a kwamfutar tebur

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

Kwanan nan ƙorafi ɗaya ake ta yi, daga malaman makaranta har ma'aikatan ofis da masu jiran intabiyu ta intanet: "Na sauke Zoom jiya, na yi taro lafiya lau, yau na kunna kwamfuta na neme shi na rasa." Wasu ma sun haƙura, duk ranar da za su shiga taro sai su sake sauke shi daga farko. Zoom ɗinku yana nan cikin kwamfutar, wurin da kuke dubawa ne ba daidai ba.

Mu ɗauki misalin wata kwamfuta. Ga foldar Downloads, inda duk abin da aka sauko da shi daga intanet yake faɗawa. Kun ga wannan fayil, ZoomInstallerFull? Ga wani a ƙasansa mai lamba ɗaya a gefe, ga mai lamba biyu, ga mai uku, har zuwa shida. Abu ɗaya ne aka sauke sau bakwai, datar ta tafi a banza. A wasu kwamfutocin kuma za ku ga suna mai tsawo da ya fara da Zoom_cm, sai tarin haruffa da lambobi kamar kaza ta yi tafiya a kan kibod. Shi wannan yana zuwa ne idan mutum ya sauke ta hanyar mahaɗin taron da aka turo masa.

To, duk waɗannan ba su ne Zoom ba. Mai girka Zoom ne. Ku ɗauke shi kamar mai haɗa wuta da aka kira ya ɗaura fanka a ɗaki. Ya zo, ya ɗaura, ya haɗa makunni a bango, an sallame shi. Gobe idan zafi ya taso ba za ku sake aika yaro ya kira shi ba, makunni za ku danna.

Abin da yake ruɗa mutane shi ne, idan aka danna wannan fayil sau biyu, zai sake girka manhajar, yana gamawa kuma sai ya buɗe ta. Mutum ya ga Zoom ya fito, sai ya ɗauka ai hanyar ke nan. Tana kaiwa, amma da ɓata lokaci. Kuma akwai matsalar da ta fi wannan: idan fayil ɗin ya daɗe a ajiye, tsohon samfuri zai girka muku, shi kuwa kamfanin Zoom yakan daina karɓar samfurin da ya tsufa da yawa. Sai ana saura minti biyu a fara taro ya ce sai an sabunta shi, ga intanet tana tafiyar hawainiya.

Ga inda makunnin yake. A jerin ƙasa na kibod, ta hagu, tsakanin Ctrl da Alt, akwai maɓalli mai hoton taga. Ku danna shi sau ɗaya ku saki. Kada ku nemi wurin rubutu da maus, kawai ku fara bugawa: z, o, o, m. Ga shi nan ya fito a sama.

A nan a lura sosai, domin a nan ne ake sake zamewa. Abubuwa uku ko huɗu za su iya fitowa, duk da sunan Zoom. Wanda kuke nema shi ne mai shuɗin tambari, an rubuta Zoom Workplace, a ƙarƙashinsa kuma da ƙananan haruffa an sa App. Wannan kalmar App ita ce shaida. Kada sunan Workplace ya firgita ku, ba na ma'aikata kaɗai ba ne, kuma ba na kuɗi ba ne. A 2024 kamfanin ya sauya wa manhajar suna, shi ke nan. Idan kwamfutar tana da tsohon samfuri, Zoom kawai za ku gani.

Na biyun da zai iya fitowa shi ne abokinmu mai haɗa wuta, ZoomInstallerFull. Ku ƙyale shi. Na uku kuma yana da hoton madubin bincike a gefe, an ce sakamakon intanet ne. Idan kuka danna shi, burauzar Edge ce za ta buɗe ta kai ku Bing, ku ga shafuka birjik kowanne yana cewa a sauke Zoom, sai ku koma gidan jiya. Don haka kafin ku buga Enter, ku dubi wanda aka haska, ku tabbatar akwai App a ƙasansa.

Wanda ba ya son rubutu yana iya bi ta jeri. A Windows 10 maɓallin Start yana ƙuryar hagu ta ƙasa, jerin manhajoji yana fitowa nan take. A Windows 11 an dawo da shi tsakiya, a wasu kwamfutocin sai an danna All ko All apps. An jera su bisa haruffa, harafin Z kuwa shi ne auta, yana can ƙarshe. Maimakon ku yi ta murza maus, ku danna kowane harafi da ke kan jerin, misali A, duk haruffan za su bayyana, ku zaɓi Z.

Ya buɗe. Yanzu ku yi abu ɗaya da zai raba ku da wannan wahalar gaba ɗaya. Ku dubi dogon layin da ke ƙasan allo, tambarin Zoom yana nan tunda a buɗe yake. Ku ɗora maus a kansa, ku danna ɓangaren dama, ku zaɓi Pin to taskbar. An kafe shi ke nan, ko an kashe kwamfuta an kunna yana wurin, danna ɗaya ya isa. A ganina wannan ya fi ajiye shi a fuskar allo, musamman a kwamfutar ofis da za ka tarar da fayil ya fi hamsin a watse, hoton bango ma ba a gani.

Sai ku koma Downloads ku goge waɗancan bakwai ɗin. Goge su ba ya taɓa Zoom ko kaɗan.

Idan kuma an rubuta zoom bai fito da App ba, abu biyu ne. Ko dai an sauke fayil ɗin amma ba a taɓa danna shi ya girka ba, to a wannan karon kaɗai sai a danna shi sau biyu a jira ya gama. Ko kuma kwamfutar tana da masu shiga fiye da ɗaya, kowa da sunansa da kalmar sirrinsa, kamar yadda ake yi a ofisoshi da ɗakunan kwamfuta na makarantu. Zoom na yau da kullum yana girka kansa ne a ɓangaren wanda ya sauke shi kaɗai. Abokin aikinka ya girka a nasa ɓangaren, kai ka shiga naka, ba za ka gan shi ba. Mai son tabbatarwa ya danna maɓallin taga tare da R, ya rubuta %appdata%\Zoom\bin, ya buga Enter. Idan folda ta buɗe, Zoom yana ciki. Idan Windows ta ce ba ta sami wurin ba, babu shi a ɓangarenka, sai dai idan masu kula da kwamfutocin ofis sun girka na kowa da kowa a Program Files, shi kuwa da ya fito tun a binciken farko.

Wurin saukewa ɗaya ne, zoom.us/download. Ku rubuta shi da hannunku a saman burauza. Kada ku bi tallan da ke fitowa a saman sakamakon bincike, akwai shafukan bogi masu kama da na gaske da ke cusa wa kwamfuta cuta.

Wani abin kuma, idan kun danna alamar X don rufe Zoom, sau da yawa bai mutu ba, laɓewa ya yi. Ku duba kusa da agogo, a ƙuryar dama ta ƙasa, akwai ɗan kibiya mai kallon sama. Ku danna, ga shi can a ciki tare da su alamar riga-kafin cuta.

Saura mahaɗin da ake turowa ta WhatsApp ko imel. Kun danna, burauza ta buɗe, wani ƙaramin akwati ya faɗo daga sama yana tambaya da Turanci ko a buɗe Zoom. Mutane da yawa, saboda tsoron 'yan damfara, nan take suke danna Cancel. Tsoron yana da kyau, amma wannan akwatin burauzarku ce ke neman izini ta miƙa ku ga manhajar. Ku duba cewa adireshin da ke sama na zoom.us ne, sannan ku danna Open. Idan kun riga kun kore shi, ku danna shuɗin maɓallin shiga taron da ke shafin, zai dawo. Kada ku taɓa Download Now da ke ƙasa, ta nan ake tara fayil bakwai.

Idan babu mahaɗi sai lamba, a buɗe Zoom a danna Join, a zuba lambar taron, yawanci guda 10 ko 11 ce, a rubuta suna, a sa kalmar sirrin taron. Ba sai an buɗe asusu ba in dai shiga kawai za a yi.

Sauran manhajojin a gurguje. Microsoft Teams, hanya ɗaya ce: maɓallin taga, a rubuta teams, a nemi App. Google Meet kuwa kada ku wahalar da kanku nema, a burauza yake aiki, ku je meet.google.com ku sa lambar taron mai haruffa goma. Skype, an rufe shi tun watan Mayun 2025, duk wanda ya ce ku haɗu a can ku tambaye shi yaushe rabonsa da kwamfuta. Masu Mac, ku danna Command tare da dogon maɓallin tazara, ku rubuta zoom, ku buga Enter.

Tunda maganar kwamfutar tebur muke, ku tuna ba kamar laftof ba ce. Yawancinsu ba su zuwa da kyamara ko makirufo. Sai an sayi ƙaramar kyamara mai igiyar USB an ɗora a saman allo, da abin sawa a kunne mai makirufo. A sa su kafin a buɗe Zoom. Idan aka shiga taro, a danna Join with Computer Audio, in ba haka ba, za ku ga bakuna suna motsi ba ku jin komai. Alt da A yana rufe murya ko ya buɗe ta, Alt da V na kyamara ne. Kafin ranar taron, ku shiga zoom.us/test, ɗaki ne na gwaji da babu kowa a ciki, ku ga fuskarku, ku yi magana ku ji muryarku ta dawo. Idan hoton baƙi ne ƙirin, ku duba gaban kyamarar tukuna, wasu suna da ɗan murfi da ake turawa gefe.