Kat-kat ta gwanjo: kafin ka taɓa hanyar iskar inji

Jama'a, assalamu alaikum. Motar da ke gabanku Land Cruiser ce, HZJ78, irin fararen nan da ƙungiyoyin agaji da ma'aikatu ke aiki da su, in sun kwana biyu a yi gwanjonsu. Duk mai bin hanyar Dakoro ko Mayahi ya san su. Wanda ya sayi irinta, abin da ke fara ɗaukar idonsa shi ne wannan baƙin bututu da ya hau gefen gilashi, wato sinokel. Mai shi na taƙama, marar shi na neman mai walda ya ƙera masa. Bututun yana da amfani, babu musu, amma ba a nan ran inji yake ba. Mu ɗaga kapo ku gani.

Wannan injin 1HZ ne. Toyota ta fito da shi a 1990: silinda 6, lita 4.2, gazuwal, ba turbo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji. Duk juyi biyu yakan cika cikinsa da iska sau ɗaya. In yana juyi 2,000 a minti, iskar da yake zuƙa ta kusa lita 4,000 a minti guda. A awa ɗaya ta haura lita 200,000. To ku tuna iskar da muke shaƙa a Maradi a watan Janairu, lokacin da hunturu ya kwaso ƙura tun daga Bodele ta ƙasar Cadi, ka share tabarma da safe, kafin azahar ta koma fari fat. Ku ƙara da jar ƙurar hanya in babbar mota ta wuce ku. Cikin wannan ƙura akwai ɓarɓashin yashi da ya fi ƙarfen silinda tauri. In ya shiga, sai ya haɗu da mai, ya riƙa goge zoben fistan da bangon silinda a hankali, ba ƙara ba hayaniya. Sai dai wata rana ka ga mota ta fara shan man inji, tana shuɗin hayaƙi, da asuba sai an lallashe ta kafin ta tashi.

Shi sinokel aikinsa ɗaya ne: ya canza wurin da iska ke shiga. Motoci da yawa, har da Hilux, daga cikin fenda suke jan iska, daidai saman tayar gaba, inda ƙura ta fi tashi. In ka ɗaga bakin zuwa rufin mota, iskar can ta fi tsabta, ta fi ɗan sanyi, filtir, wato matatar iska, zai ƙara kwana. Iyakarsa ke nan. Wanda ya ce maka zai ƙara wa mota ƙarfi da za ka ji a ƙafarka, kasuwa yake nema.

Yanzu ku matso. Na kwance wannan robar da ta taso daga akwatin filtir zuwa inji. Duk iskar da ta iso nan an riga an tace ta, don haka cikin robar ya kamata ya kasance tas. Ga farin ƙyalle, na zagaya da shi ciki. Kun gani? Ya fito ja. Wannan motar da sinokel ɗinta da komai, ƙura take sha. Ga dalili: robar ta tsage a cikin lanƙwasa, ta ƙasa, inda ido ba ya gani sai an murɗa ta, kuma wani ya ɗaure bakinta da waya maimakon kolye. Motar ma'aikata direbobi da yawa suka riƙe ta, gareji da yawa ta shiga, galibi kuma a jerin gwano take tafiya, tana haɗiyar ƙurar ta gaba. Shi ya sa ni a ganina wannan gwajin ƙyalle ya fi duba kilomita muhimmanci ranar ciniki. Allon kilomita ana iya mayar da shi baya, ƙurar cikin roba kuwa mai sayarwa bai cika tuna ta ba. In motar mai turbo ce, kamar Hilux mai injin 2KD ko 2GD, haska fitila ka dubi fukafukan turbo. In bakinsu ya cinye, ya dakushe, yashi ya daɗe yana wucewa.

Sai gyaran da na fi jin haushinsa: a cire akwatin filtir na asali a ɗaura wannan jan filtir mai kamar mazurari, wai don mota ta numfasa. Ƙara za ta yi, i. Amma irin wannan filtir na auduga da ake shafa wa mai ya fi na takarda barin ƙura mai laushi ta wuce, yana kuma zuƙar iskar ɗakin inji mai zafi. A sababbin motoci masu na'urar auna iska, man nan na iya ɓata na'urar, kwamfutar mota ta rikice. An yi shi don kwalta ne, ba don hanyar Dakoro ba. Ku bar akwatin Toyota inda yake. A ƙasansa, a irin wannan mota, akwai ɗan kofi da ke tara ƙura mai nauyi. Kwance shi, zubar, mayar da shi ya zauna daram.

Abin da ya cancanci kuɗinku shi ne kan da ake ɗorawa a saman bututu, mai juya iska kamar guguwa ya watsar da yashi gefe kafin ya kai ga filtir. Wani yana da kwano mai gani-har-hanji, ka ga ƙurar da ya tara ka zubar. Amma a sayi daidai girman inji, ƙarami zai shaƙe shi. In kuma naka mai buɗaɗɗen baki ne da ke kallon gaba, juya shi baya duk lokacin da kake bin wata mota cikin ƙura.

Game da hura filtir da iska a wajen masu faci: a hura daga ciki zuwa waje, a hankali, ba a manna bakin tiyo a jikin takarda ba. Buga shi a jikin taya kuwa lalata robar bakinsa yake yi. In an gama a sa fitila a ciki, ɗigon haske ɗaya ya isa a jefar da shi. Kuma ba kullum ake buɗe akwati ba, domin duk buɗewa ƙura na samun hanyar faɗawa ɓangaren mai tsabta.

Masu waldanmu sun iya hannu, ban hana a ƙera sinokel a gida ba. Kawai faɗin bututun kada ya gaza na asali, a rage lanƙwasa mai kaifi, a wanke ɓarɓashin walda kafin a ɗaura. Bututun famfo na roba kuma rana za ta fasa shi.

Saura ruwa. A watan Agusta, in Gulbin Maradi ya kawo, akwai masu kallon sinokel su ce bismillah su faɗa. Toyota zurfin ruwa santimita 70 ta ƙayyade wa Land Cruiser 70 da Hilux na yanzu. Bututun da kamfani ke ɗorawa ma don ƙura aka yi shi, gaɓoɓinsa ba a liƙe suke yadda ruwa ba zai shiga ba. Ruwa ba ya matsuwa, shi kuma 1HZ yana matse abin da ke cikin silinda fiye da sau 20, don haka ɗan kaɗan ya isa ya lanƙwasa sandar fistan. Ko inji ya tsira, ruwa na shiga giya da difaranshiyal ta ƙofofin numfashinsu, ga wayoyi, ga igiyar ruwa da ke iya ɗauke mota sukutum. In ta mutu a tsakiyar ruwa, kada ka sake murɗa makulli. A jawo ta waje, makanike ya cire bujin zafi ko injekta a fitar da ruwan, a duba filtir, a canza man inji, sannan a tayar.