Jawabin Maraba Ga Mai Girma Ministan Al'adu A Ziyararsa Birnin Zazzau

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma Minista, wakilan Mai Martaba Sarkin Zazzau, malamanmu na jami'a, iyayenmu magina, assalamu alaikum.

A madadin kwamitin tarba, muna yi maka lale marhabin da zuwa Zariya. Labarin ƙwazonka ya riga ka isowa, shi ya sa ba za mu yi ta kewaye-kewaye ba. Ranka ya daɗe, ganuwarmu tana zubewa, kuma damina ta ƙarato.

Ganuwar nan da ka ratsa ta Ƙofar Doka, ita ce bakin kowa ke haɗawa da sunan Sarauniya Amina. Gobe idan ka zagaya ta Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, za ka ga inda ruwa ya ci gindinta, da ramukan da masu ɗiban ƙasa suka haƙa don buga tubali, da gidajen da suka hau kanta. Wurin da muka hau muna yara muna hango dutsen Kufena, yau akuya ma tsallakewa take yi.

Za ka kuma shiga Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Malam Mika'ila ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, cikin shekarun 1830. Da ƙasa da azara kawai ya ɗaure bakan gizon da ke riƙe da rufin, ga zayyana a jikin ginshiƙai. Ɗaga kai ka duba ɗaurin gugan nan da kyau, wato yadda bakunan suka sarƙe da juna suka ɗauki rufin. Masana gini daga Turai sun zo sun auna shi sun yi rubutu a kai, har aka yi kwafinsa a gidan tarihi na Jos. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, baƙi da yawa kwafin suka sani, na asalin kuwa sai a wuce shi a mota.

Ta fannin zane ma ba a bar mu a baya ba. A nan ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta sauya zanen zamani a Nijeriya, kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Muna roƙon a haɗa tsofaffin maginanmu da ɗaliban sashen zanen gine-gine na jami'ar da ke Samaru, domin masu iya ɗaurin baka da shafen makuba sun kusa ƙarewa.

Amma ganuwa ce gaba, ranka ya daɗe. An sha zuwa a ɗauki hoto a yi alkawari a tafi. Muna neman a turo masu aiki a toshe wuraren da suka tsage, a shata iyaka a hana ɗiban ƙasa, tun kafin ruwan farko ya sauka. Maginanmu suna nan zaune a gabanka, ko gobe aka kira su za su fito.

Allah ya maida kai gida lafiya.