Darasi: Ka Adana Shafi a Taskar Intanet, Amma Me Aka Ɗauko Maka?

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa. Yau kan taskar intanet za mu tsaya, wato wuraren da ke ɗaukar kwafin shafi su ajiye, ko da mai shi ya goge shi gobe.

Babba a cikinsu ita ce Wayback Machine, ta ƙungiyar Internet Archive da Brewster Kahle ya kafa a San Francisco ta Amurka a 1996. A 2001 aka buɗe wa kowa ita. Akwai kuma archive.today, wadda ta fito a 2012.

To ku dubi allon kwamfutata. Na shiga web.archive.org, ga akwatin da aka rubuta Save Page Now. Na liƙa adireshin shafin da nake so, na danna. Mu ɗan dakata... Yawwa, ta ba ni sabon adireshi. Kun ga lambobi 14 ɗin nan a tsakiyarsa? Shekara ce da wata da rana, sai awa da minti da daƙiƙa, bisa agogon GMT. Su ne shaidar lokacin da aka ɗauka.

A nan yawancinmu muke tashi, mu ce an gama. Don Allah kada ku yi haka, ku buɗe kwafin ku karanta da idonku. Manhajar taskar baƙuwa ce da ta je ƙofar shafi, kuma shafuka da yawa suna da mai gadi. In ya gane ba mutum ba ne, sai ya tare ta, ya miƙa mata shafin da ke cewa a tabbatar mutum ne, ko a shigar da kalmar sirri. Ita kuwa abin da aka ba ta shi take ajiyewa. Ni kaina na taɓa adana wani rahoto da nake matuƙar buƙata, bayan watanni asalin ya ɓace, na koma taska hankalina kwance. Layi biyu na tarar, wai an hana shiga. Har yau abin yana min ciwo.

Kalandar Wayback, wadda ke nuna ranakun da aka ɗauki kwafin shafi, tana taimakawa. Ɗigon shuɗi na nufin shafin ya amsa lafiya, kore an karkatar da ita wani adireshi, ruwan lemo ko ja kuwa matsala aka samu. Amma shuɗin ma ba tabbas ba ne, domin shafin mai gadin yakan amsa lafiya lau.

Yanzu ɗaya ɓangaren: kwafin yana nan garau, kai ne aka tare. Ƙasar Sin ta daɗe da toshe archive.org. Rasha ta toshe shi a 2015, Indiya kuma a watan Agustan 2017, ita bisa umarnin kotu kan satar fasahar finafinai. Tunda duk kwafe-kwafen a gida ɗaya suke, in an rufe don shafi guda sai ya shafi kowa.

Yaya za ka gane? Ka kashe wifi ka gwada da datar waya. In ya buɗe, matsalar daga waccan hanyar take. Sau da yawa ta DNS ake yi, wato littafin da ke juya sunan shafi ya koma lamba, sai a ba ka lambar bogi. Wani lokaci ma ba toshewa ba ce: archive.today ta sha ƙin buɗewa ga masu amfani da 1.1.1.1, wato DNS na kamfanin Cloudflare, saboda saɓani tsakanin ɓangarorin biyu. Ka sauya zuwa 8.8.8.8 na Google ka sake gwadawa. In kuwa hanyar ta wurin aiki ce ko makaranta, a tambayi mai kula da ita tukuna.

Abu ɗaya da ba na so ku yi wasa da shi: idan burauza ta yi gargaɗi cewa takardar shaidar tsaron shafin ba ta inganta ba, kada ku danna ci gaba. Mai yiwuwa wani ne ya zauna tsakaninku da taskar, yana iya karanta abin da ke wucewa, har ya sauya shi.

Taskar ma takan faɗi. A Oktoban 2024 an kai wa Internet Archive hari, ta yi kwanaki a rufe. Shi ya sa yanzu, kun gani, nake liƙa adireshin shafin na asali a archive.today ma. Sannan in danna Ctrl da P tare, in zaɓi PDF, in sa ranar yau a sunan fayil ɗin.