Fuskar nan ta Magadan ba maƙabarta ba ce

Duk wanda ya ci karo da hoton ƙatuwar fuskar simintin nan ta tunawa da fursunonin zamanin Stalin, abin da yake fara cewa shi ne, "Allah sarki, ashe nan aka binne su." A'a, jama'a. Ku tsaya mu warware.

Nan Magadan ne, can ƙuryar gabashin Rasha. Tsayin fuskar mita 15, mai sassaƙa Ernst Neizvestny ya tsara ta, aka buɗe ta a 1996. Ku lura da hawayen da ke zuba, kowane ɗigo fuskar mutum ne. Tana kan tudu tana kallon garin da jiragen ruwa ke sauke fursunonin zamanin Stalin, kafin a watsa su wuraren haƙar zinariya na yankin Kolyma. Magadan ƙofar shiga ce kawai.

To ina kaburburan?

Ga su. Eh, 'yan turakun nan da suka karkace. Wannan Butugychag ne, wani sansanin fursunoni a Kolyma, inda aka haƙi kuza, daga baya yuraniyam. Mai kyamara, ɗan matsa kusa. Abin da aka kafa a jikin turken gindin gwangwani ne, an buga masa harafi ɗaya da lamba. Babu suna, babu shekara.

A nan ake yawan ruɗewa. Lambar nan ta ramin ce. Ta mamacin daban take: lambar fayil ɗinsa, a kan ɗan katakon da ake ɗaura masa a ƙafa. Sunan kuwa yana cikin rajistar ofishin sansani. Kafin ka ce wane ne kwance a nan, sai turke da rajista sun haɗu. Turke ya ruɓe, shi ke nan. Ga ƙasar daskararriya kamar dutse, shi ya sa ramukan ba su da zurfi.

Wani zai ce ai mu ma ba kowane kabari muke rubuta wa suna ba. Haka ne, amma dangi sun raka gawa, sun san wurin. Waɗannan wa ya raka su?

Ƙungiyar Memorial, mai kare haƙƙin ɗan Adam a Rasha, ta shafe fiye da shekara 30 tana tattara sunayen, kotun ƙolin Rasha ta rushe ta a Disamban 2021.

Bari in yi shiru, ku ƙirga turakun da suka rage a tsaye.