Fanka na juyawa, monita baƙi ƙirin: kada ku taɓa Windows tukuna

Jama'a, tambayar nan ta yi yawa kwanan nan. Kwamfutar tebur ta ƙi tashi, fanka na ta juyawa, monita baƙi ƙirin, sai wani ya ce a yi mata fomatin. Fomatin ɗin me? Ai ko kusa da Windows ba ta kai ba.

Mu share ƙananan tukuna. Soket na da wuta? Makunnin nan na baya, kan I yake ko kan O? In kuna da katin hoto, wayar monita a jikin katin take shiga, nan ƙasa, ba can sama a jikin madabod ba, wato babban allon da duk kayan kwamfuta ke haɗe a kai. To, mu wuce.

Ga inda ake ruɗewa. Da kun danna maɓalli, kafin madabod ta leƙa faifan da Windows ke ciki, sai ta gwada kayanta ɗaya bayan ɗaya: firosesa, RAM (ma'ajiyar wucin gadi), sannan hoto. Shi ake kira POST. In RAM ba ta amsa ba, nan aiki ke tsayawa cak. Ita fanka ba ruwanta, wuta ta samu take juyawa. Ku dubi 'yan fitilun nan huɗu da ke kan madabod: CPU (firosesa), DRAM (RAM), VGA (hoto), BOOT (faifai). Wadda ta ƙi mutuwa, ita ke nuna mai laifi. Wasu madabod ƙara suke yi maimakon fitila, ma'anarta kuwa kowane kamfani da tasa.

Kwamfutar da muke gyarawa, fitilarta ta tsaya kan DRAM.

Ku zare wayar wuta, ku danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci, ku taɓa ƙarfen akwatin saboda wutar jiki. Buɗe kunnuwan da ke riƙe RAM a raminta, zaro RAM ɗin. Kun ga tsagar nan da ke ƙasan RAM ɗin? Ba a tsakiya take ba, fuska ɗaya kawai take shiga. Yanzu a mayar da ita raminta. Gefe biyu ake dannawa, da ɗan ƙarfi, har ta ce ƙas, kunnen ya rufe da kansa. Nan mutane ke tsorata, su lallaɓa ta kamar ƙwai, su bar ta rabi a waje. A ido ta zauna, amma ba ta zauna ba. Dubi, layin zinaren nan na ƙasan RAM bai kamata a gan shi ba.

Guda ɗaya za ku saka, a rami na biyu daga firosesa, wanda galibi aka rubuta wa A2. Ta ƙi? Ku canza da ɗayar. In RAM ɗin samfurin DDR5 ce, ku yi haƙuri, tashin farko kan ɗauki mintuna monita na baƙi, kada ku kashe.

Har yanzu shiru? A sake zare wayar wuta, a cire ɗan batirin nan na kan madabod mai kama da kwabo, CR2032, minti 5, a mayar. Akwatin wutar nan kuwa, wanda wayar soket ke shiga, don Allah kada ku buɗe shi, yana riƙe caji ko an zare waya.

Yauwa, ga tambarin kamfani ya fito. In daga nan ta ce ba ta ga faifai ba, sannan ne maganar Windows ta taso.